Karatun mako na Yahudawa: me suke nema a tsakanin baƙaƙen Attaura?

Wanda ya taɓa zama a wajen tafsiri cikin azumi ya san yadda abin yake tafiya. Mai jan baƙi ya ja aya ya tsaya, malam ya karɓa ya fasa ta da Hausa, ya kawo abin da magabata suka ce, sannan a ci gaba. Shekaru kusan dubu biyu da suka wuce, a majami'un Yahudawa na Falasɗinu da Iraƙi, kusan haka ake yi. Mai karatu ya karanta aya ɗaya rak daga Attaura da Ibrananci, sai wani da ke tsaye a gefensa, wanda ake kira meturgeman, ya maida ta Aramiyanci, harshen da jama'a ke yi a gida da kasuwa. Sunan nasa da kalmar tarjama tushensu ɗaya. Yahudawan Yaman har gobe ba su bar wannan al'ada ba. A Madina ma, kamar yadda ya zo a Bukhari daga Abu Huraira, Ahlul Kitabi suna karanta Attaura da Ibrananci su fassara wa Musulmi da Larabci, shi ne Manzon Allah (SAW) ya ce kada a gaskata su, kada kuma a ƙaryata su.

Wancan karatu na bainar jama'a shi ne ya zama abin da a yau suke kira farasha, wato kason mako. Mutanen da ake labarinsu a ciki ba baƙi ba ne a wurinmu: Annabi Nuhu, Annabi Ibrahim, Annabi Yusuf, Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Abin da ya ja hankalina shi ne hanyar da Yahudawa ke bi su tunkari waɗannan labarai, don ta sha bamban da wadda muka saba. Na san da an ambaci Yahudu a kwanakin nan zuciya Gaza take tafiya, tawa ma haka. Sai dai wannan al'ada ta girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da ƙarnoni masu yawa, ta rayu a Bagadaza da Alƙahira da Fas da San'a'a a tsakiyar Musulmi, kuma fahimtar yadda mutane ke karanta littafinsu ba ya nufin amincewa da abin da gwamnati ke aikatawa da sunansu.

Attaura a wurinsu littattafai biyar ne, waɗanda Kiristocin Hausa suka sani da Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a. An kasa su kashi 54. Kowace Asabar ana karanta kashi ɗaya, a sauke a shekara. Lissafin ba ya cika daidai, saboda shekararsu ta wata ce amma suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, don kada bukukuwansu su bar lokutansu na damina da rani. Shekarar da ba a yi ƙari ba Asabar ɗinta ba ta kai 54 ba, ga kuma waɗanda ke faɗawa ranar idi, masu karatunsu na daban. Sai a haɗa wasu farasha biyu a mako guda. Sunan kowace farasha daga kalmomin farkonta ake ɗaukowa, kamar yadda almajiri zai ce yana Sabbi ko yana Amma. Shi ya sa za ka ga wadda ake kira Hayye Sara, ma'ana rayuwar Saratu, amma da labarin rasuwarta ta buɗe. Mafi tsawo ita ce Naso, aya 176.

Wannan tsari na shekara guda na Yahudawan Iraƙi ne. Na Falasɗinu a dā shekara uku ko ɗoriya suke ɗauka kafin su sauke. Wani matafiyi, Binyaminu na Tudela, ya iso Masar wajen 1170 ya tarar da majami'u biyu a tsohuwar Alƙahira, ɗaya na bin tsarin shekara, ɗaya na bin na shekara uku, amma ranar bikin sauka sai su haɗu su yi tare. A hankali tsarin Iraƙi ya rinjaya. Yau Bayahuden Maroko da na Landan da na Ajantina, in ba a wasu 'yan makonni da idi ke raba su da mazauna Isra'ila ba, aya ɗaya suke kai a mako ɗaya.

Safiyar Asabar a majami'ar masu riƙo da gargajiya, sai maza baligai sun cika goma kafin a fito da littafin. A buɗe taskar da ke bangon da ke fuskantar Ƙudus, kowa ya miƙe. A ɗauko shi cikin rigarsa, a zaga da shi, mutane na miƙo gezar mayafin addu'arsu su taɓa shi su sumbata. Ba littafi ba ne mai shafuka, fata ce doguwa naɗe a jikin sanduna biyu, wadda wani gwanin marubuci ya rubuta da hannu, harafi 304,805, aikin da kan ci shekara ko fiye. Idan aka ga harafi ɗaya ya goge ko ya manne da na kusa da shi, an ajiye wannan naɗi ke nan sai an gyara. Ana kiran mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na mahaifinsa: na farko daga zuriyar Annabi Haruna, na biyu daga ƙabilar Lawi, sauran daga gama-gari. Mai karatu ba ya taɓa rubutun da hannu, wani ɗan sanda yake bi da shi, galibi na azurfa, mai siffar hannu da yatsa a miƙe.

Ga inda almajiri zai fi kowa ganewa: rubutun baƙaƙe ne zalla. Babu wasali, babu alamar ƙarshen aya, babu alamomin rera ƙira'a. Duk waɗannan sai mai karatu ya haddace su tun a gida. Mutum biyu na tsaye dama da hagu da bugaggen littafi mai wasali, da ya yi tuntuɓen da zai sauya ma'ana za su tare shi, wani lokaci ma jama'a su riga su. Bayan an gama sai a ɗaga fatar a buɗe kowa ya ga rubutun, sannan a karanta wani yanki daga littattafan annabawa da ya dace da darasin ranar. Litinin da Alhamis ma ana karanta ɗan farkon farashar da ke tafe. Talmud, babban kundin muhawarorin malamansu na dā, ya jingina wannan tsari ga Ezra, wanda da yawa ke ganin shi ne Uzairu, kuma hikimar ita ce kada a kwana uku ba a ji Attaura ba. Ranakun biyu kuwa ranakun kasuwa ne, lokacin da mutanen ƙauye ke shigowa gari.

Duk wannan ɓawo ne. Ƙwayar tana cikin abin da ake yi da ayoyin bayan an naɗe fatar: huɗubar malami, hira a kan abincin Asabar, ɗan jawabin da yaro ɗan shekara 13 zai yi ranar da aka fara kiransa karatu. Kuma kusan duk wannan magana da abu ɗaya take farawa, wato neman inda ayar ta yi ƙulli. Kalma ta maimaitu ba dalili, ko an tsallake abin da ya kamata a faɗa, ko aya biyu sun ci karo. A ganinsu ruwa ba ya tsami banza, kowane ƙulli ƙofa ce.

Ɗauki labarin Ƙabila da Habila. A Farawa, babi na 4, aya ta 8, nassin Ibrananci ya ce: Ƙabila ya ce wa ɗan'uwansa Habila, sai ya zama suna cikin saura, Ƙabila ya tasar wa ɗan'uwansa ya kashe shi. Ya ce masa me? Ba a faɗa ba. Tsofaffin fassarori, irin ta Girkanci, sun cike gurbin da cewa mu tafi saura. Malaman Yahudawa kuwa suka bar gurbin a buɗe suka zauna a bakinsa. A wani tarin sharhi mai suna Bereshit Rabba, wanda aka haɗa a Falasɗinu wajen ƙarni na 5, an tambaya: a kan me suka yi faɗa? Wani ya ce duniya suka raba, ɗaya ya ɗauki ƙasa, ɗaya ya ɗauki kayan da ake ɗagawa. Mai ƙasa ya ce inda kake tsaye nawa ne, tashi sama. Mai kaya ya ce rigar jikinka tawa ce, tuɓe. Wani malamin ya ce a'a, gardamar ita ce a yankin wa za a gina Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus. Na uku ya ce a kan mace ne, wata tagwaiyar da aka haifa tare da Habila. Wanda ya karanta tafsirin Suratul Ma'ida a Ɗabari ko Ibn Kasir zai tuna da wannan labari na 'yar'uwar tagwaitaka.

Ba wanda ya ce ga ruwayar da ta inganta a cikin ukun. An jera su an wuce. Wata malama ta ƙarni na 20, Nehama Leibowitz, ta lura cewa malaman ba tarihin ranar suke bayarwa ba, suna lissafa abubuwan da ke sa ɗan Adam zubar da jinin ɗan'uwansa ne: dukiya, addini, mace. Na daɗe ina juya wannan a raina. Aya ta yi shiru a wuri ɗaya, aka sami abin faɗa a kan kowane rikici da mutum ya taɓa gani da idonsa. Irin wannan sharhi sunansa midrash, daga tushe ɗaya da darasi da madarasa.

Aya biyu a gaba akwai wani ƙullin. Inda Allah ya ce jinin ɗan'uwanka yana kuka gare ni daga ƙasa, kalmar jini a Ibrananci jam'i ta zo, jinane. Mishna, littafin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ta ce ai jininsa ne da jinin zuriyar da zai haifa, don haka wanda ya hallaka rai ɗaya kamar ya hallaka duniya ne gaba ɗaya, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya duniya. Wannan gargaɗi ake yi wa shaidu a shari'ar kisa. Musulmi ya san aya ta 32 ta Ma'ida, wadda ta biyo bayan labarin 'ya'yan Adamu kai tsaye, kuma ita da kanta ta ce a kan Bani Isra'ila aka rubuta wannan hukunci.

Wanda ya fi kowa tasiri a wannan fage shi ne Rabbi Shlomo ɗan Yitzhak, da aka fi sani da Rashi. An haife shi a garin Troyes na Faransa a 1040, ya rasu a 1105. Sharhinsa gajere ne, wani wuri kalma biyu ko uku, kuma idan kalmar Ibrananci ta yi tsauri sai ya kawo takwararta a Faransancin zamaninsa. Littafin Ibrananci mafi tsufa da aka buga ɗauke da kwanan wata shi ne wannan sharhi, a Reggio di Calabria ta Italiya, 1475. Salonsa shi ne ba ya yawan faɗin tambayar, amsa kawai yake ajiyewa, ya bar ɗalibi ya gano abin da ya dame shi. Nehama Leibowitz, wadda aka haifa a Riga a 1905 ta rasu a Ƙudus a 1997, a kan wannan ta gina koyarwarta. Daga 1942, kusan shekara 30, duk mako tana aika takardar tambayoyi a kan farasha ta gidan waya, mutane su amsa su maido, ta gyara da jan biro ta mayar musu. Tambayar da aka santa da ita: me ya yi wa Rashi wuya a nan?

Kafin Rashi akwai wanda sunan aikinsa zai ba mai karatu mamaki. Sa'adiya Ga'on, wanda Larabawa ke kira Sa'id al-Fayyumi, haifaffen Masar a 882, ya shugabanci babbar makarantar Sura a Iraƙi, ya rasu a 942. Ya fassara Attaura zuwa Larabci, kuma sunan fassarar Tafsir. Bayan Rashi kuma sai Ibn Ezra, masanin nahawu ɗan Andalus, da Ramban na Girona, 1194 zuwa 1270. Tun daga bugun Venice na ƙarni na 16, ana jera su a shafi ɗaya: 'yan ayoyi da manyan baƙaƙe, masu sharhi sun kewaye su, kamar yadda Hashiyar Sawi ke tafiya da Jalalaini. Ramban zai kawo maganar Rashi ya ce bai gamsu ba, ya juya kan Ibn Ezra ya ƙi tasa, sannan ya kawo tasa. Mutanen da ƙarni ya raba suna musu a takarda ɗaya, kuma ba a goge na kowa ba.

A kan Annabi Nuhu ne za a ga iyakar inda wannan 'yanci ya kai, kuma nan ne kunnen Musulmi zai ji nauyi. Attaura ta ce Nuhu mutum ne adali, kamili a cikin zamaninsa. Me ya kawo a cikin zamaninsa? Rabbi Yohanan ya ce togaciya ce: a zamaninsa ne ya yi fice, da a wani zamanin ne da bai yi ba. Resh Lakish ya ce yabo ne: wanda ya tsaya a cikin lalatattu, ina ga ya sami mutanen kirki? Talmud ya kawo wa kowanne misali. Na farko kamar tulun ruwan inabi a ɗakin da ya cika da tsami, a nan ne kawai ƙamshinsa ke fita. Na biyu kamar kwalbar turare a juji, in ta yi ƙamshi a can, to a ɗaki mai tsabta fa? Rashi ya kawo duka biyun bai zaɓa ba.

Abin da ya haifar da gardamar shi ne a nassin Attaura ba a ji bakin Nuhu ko sau ɗaya ba sai bayan ruwan ɗufana ya janye. An ce ya sassaƙa jirgi, ya sassaƙa. Sai suka gwada shi da Ibrahim, wanda da aka gaya masa za a hallaka Saduma, garin mutanen Annabi Luɗu, ya tsaya yana roƙo, daga adalai 50 har ya sauko 10. Daga nan wani karin magana ya fito a bakin Yahudawan Gabashin Turai, ana jingina shi ga malamin Kotzk na Poland: adali mai rigar gashi. In sanyi ya sauko, wani ya ƙudundune a bargonsa, wani ya hura wuta kowa ya ji ɗumi. Masu kare shi kuma suka ce shekara 120 ya yi yana sassaƙar jirgin da gangan, don masu wucewa su tambaya ya yi musu wa'azi. Mu a Alƙur'ani wannan gurbi babu shi: Nuhu ya kira mutanensa dare da rana, a ɓoye da bayyane, shekara dubu ba hamsin. Kuma aƙidar Musulmi ita ce annabawa ma'asumai ne, don haka ba zai bi Rabbi Yohanan ba. Yahudawa ba su da wannan aƙida a irin wannan siffa. Shi ya sa Ramban, da ya zo inda Saratu ta ƙuntata wa Hajara har ta gudu, ya rubuta ƙarara cewa uwarmu ta yi laifi da wannan ƙuntatawa, haka ma Ibrahim da ya ƙyale ta. Bayahude ne a ƙarni na 13 yake ba Hajara gaskiya a kan kakarsa. Ba sai na karɓi hukuncinsa a kan Annabi ba kafin in ga cewa mutumin bai yi son kai ba.

Labarin Annabi Yusuf ya ci farasha huɗu, kuma waɗanda suka yanka shi sun san inda za su tsaya. Ta farko ta ƙare da mai shayar da Fir'auna ya manta da Yusuf a kurkuku. Ta biyu ta ƙare an sami ƙoƙon a buhun Binyaminu, an ce shi zai zauna bawa. Sai a naɗe fata, kowa ya tafi gida da wannan a ransa har mako ya zagayo. A nan Ramban ya yi tambayar da, in ka ji ta sau ɗaya, ba za ka sake karanta labarin ba tare da ita ba. Yusuf yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana 30 ya zama na biyun Fir'auna, aka yi shekara 7 na ƙoshi da 2 na yunwa kafin ya bayyana kansa. Shekara 22 ke nan. Daga Masar zuwa Hebron, inda mahaifinsa yake, in ji Ramban, tafiyar kwana shida ce. To a shekarun da yake da mulki da dawaki da manzanni, me ya hana shi aika wa tsohonsa ko da saƙo ɗaya cewa yana raye?

Ramban ya amsa da cewa Yusuf ya san mafarkansa annabci ne, yana jiran su cika yadda aka nuna masa. Rabbi Yitzhak Arama na Sifaniya, a ƙarni na 15, bai yarda ba: wanda ya ba da mafarki shi zai cika shi, ba aikin ɗa ba ne ya bar uba cikin kuka don mafarki ya tabbata. Wasu suka ce jarrabawa ce ya shirya wa 'yan'uwansa. Ya maido su daidai inda suka taɓa faɗuwa, ga Binyaminu ɗan Rahila, uwar Yusuf, ɗan lelen uba, ga damar su bar shi a bauta su koma gida lafiya. Wannan ya yi daidai da yadda Musa bin Maimun, malamin Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya siffanta cikakkiyar tuba: mutum ya sake samun kansa a halin da ya yi laifin, yana da iko, ya ƙi. Yayansa Yahuza, wanda shi ya kawo shawarar sayar da Yusuf, shi ne ya matso ya ce a riƙe shi a saki yaron. A zamaninmu kuma Rabbi Yoel Bin-Nun ya juya tambayar: Yusuf bai san an kai wa mahaifinsa riga da jini ba. Abin da ya sani shi ne uban ne ya aike shi wurin 'yan'uwan, kuma ba wanda ya biyo sawunsa. Wataƙila shi ma yana can yana tambayar me ya sa babana bai neme ni ba. An yi masa raddi mai ƙarfi, amma fassarar ta shiga cikin waɗanda ake tattaunawa.

A daidai farkon wannan labari ne jikan Rashi, wanda ake kira Rashbam, ya rubuta cewa ya yi muhawara da kakansa ido da ido, kuma tsohon ya amsa masa cewa da yana da lokaci da ya sake wasu sharhohin, saboda sababbin fahimtoci da ke ɓullowa kullum. Malamin da ya fi kowa girma a fagen, jikansa na cikinsa ne ya adana mana wannan furuci.

Ba kowane mako ke da Yusuf ba. Tsarin ba ya barin a tsallake komai, don haka akwai makonnin da abin da ke gaba shi ne awon labulen alfarwa, ko dokokin hadaya a Haikalin da Rumawa suka rushe tun shekara ta 70, ko yadda firist zai duba tabon cutar fata. Yaron da ranarsa ta faɗo a wannan mako dole ya sami abin faɗa. Malamai sun riga sun share masa hanya: suka ce sunan mai cutar, metsora, in ka fasa shi zai ba ka motsi shem ra, mai ɓata sunan wani, suka kafa hujja da Maryamu 'yar'uwar Musa, wadda cutar ta kama bayan ta yi maganarsa a bayan ido. Sai makon cutar fata ya zama makon wa'azi a kan gulma. Daga baya aka tsara hanyoyin fassara huɗu: feshat, ma'anar zahiri, remez, ishara, ɗan'uwan ramzi da mawaƙanmu na ajami ke rufe waƙa da shi, derash, ma'anar wa'azi, da sod, ma'anar ɓoye. Haruffan farkonsu suka ba da fardes, lambu, kalmar Farisa da ita ce ta zama Firdausi a Larabci.

Amma ƙofar da ke buɗuwa ga mai neman alheri tana buɗuwa ga waninsa. A ƙarshen wata farasha a Maimaitawar Shari'a akwai umarnin a tuna abin da Amalek, wata ƙabila da ta far musu bayan fitowarsu daga Masar, ya yi wa Bani Isra'ila a hanya, a shafe ambatonsa daga ƙarƙashin sama. Malamai da yawa sun daɗe da ɗaure wannan aya. Suka dogara da ƙa'idar Mishna cewa Sennakerib sarkin Assuriya ya cakuɗa al'ummai, don haka ba wanda za a nuna yau a ce shi ne Amalek. Malaman Hasidi, masu tafarki irin na sufaye a cikin Yahudawa, suka maida shi cikin zuciya: a lissafin haruffa Amalek 240 ne, kalmar safek, wato shakka, ita ma 240. Duk da haka, a ranar 28 ga Oktoba 2023, ana shiga Gaza ta ƙasa, Firaminista Netanyahu ya janyo wannan aya a jawabinsa, kuma lauyoyin Afirka ta Kudu suka kai furucin gaban Kotun Duniya da ke Hague a Janairun 2024. Ofishinsa ya ce Hamas yake nufi. Ko ma me yake nufi, aya ce da malamansa suka yi ƙarnoni suna sa wa takunkumi, ya kwance ta a lokacin da bama-bamai ke sauka a kan gidajen mutane. Wannan ya ɓata mini rai matuƙa, kuma akwai Yahudawa masu karatun farasha da suka fito suka yi tir da shi.

Zagayen yana ƙarewa ne a watan Tishri, wajen Satumba ko Oktoba, da bikin da suke kira Simhat Tora, farin cikin Attaura. Walimar sauka ce ta gari guda. A fito da duk naɗaɗɗun littattafan da ke taska, a zaga da su sau bakwai ana waƙa ana rawa, a kira kowane namiji karatu, har yara a tara su ƙarƙashin babban mayafi a sa musu albarka. Wanda aka ba girman karatun ƙarshe sunansa angon Attaura. Abin da ake karanta masa shi ne rasuwar Annabi Musa a kan dutsen Nebo, yana hangen ƙasar da ba zai taka ba. Ko a nan sai da aka sami ƙulli. Idan Musa ne ya rubuta Attaura, wa ya rubuta cewa Musa ya rasu a can? Rabbi Yehuda ya ce ayoyi takwas na ƙarshe Yusha'u ne ya rubuta. Rabbi Shimon ya ce ba zai yiwu littafin ya bar hannun Musa da saura ko harafi ɗaya ba: Allah yana faɗa, Musa yana rubutawa da hawaye.

Ba a tashi a kan wannan. Akwai naɗi na biyu da aka riga aka murza zuwa farkonsa, yana jira a gefe. A kira wani mutum, angon Farawa, ya matso. Mai karatu ya ɗora ɗan yatsan azurfa a kan babban harafin bet ya soma: a farko Allah ya halicci sama da ƙasa. Asabar mai zuwa za a karanta farashar gaba ɗayanta, kuma a babi na 4, aya ta 8, Ƙabila zai sake juyowa wurin ɗan'uwansa ya ce masa abin da ba a rubuta ba.